In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari: Yadda Za Mu Raba Gidajenmu da 'Yar Fasiƙa

Da zarar an gama kaka, amfanin gona ya shigo gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai gidaje da yawa su wayi gari da baƙon da ba wanda ya gayyace shi. Gonaki sun bushe, an ƙone ciyayi, abin da ɓera ke kalata a daji ya ƙare, don haka sai ya biyo buhun dawa da na gyaɗa har cikin ɗaki. Uwargida za ta ga 'yan baƙaƙen ƙwayoyi a bayan buhun shinkafa, ɗalibi ya ɗauko littafinsa ya tarar an gaigaye masa gefe, cikin dare kuma a riƙa jin sukuwa a saman silin kamar ana hawan salla.

Yawancinmu mukan ɗauki lamarin da sauƙi, mu ce ai gidan da ke da abinci ba ya rasa ɓera. Amma dabbar da ke iya tayar da gobara, ta najasta man da aka sha wuya kafin a tara, ta cinye gefen Alƙur'ani, ta kuma ɗauko cutar da ke kwantar da magidanci da iyalinsa, ba abar wasa ba ce. Malaman fiƙihu sun kawo zancenta a babin tsarki, da babin abinci, da babin hajji, har da babin ciniki. Likitocin zamani kuma sun gano game da ita abin da ya ƙara wa waccan magana nauyi.

Sunan da aka laƙaba masa

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha da Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ambaci dabbobi 5 da ya kira fasiƙai, ya kuma halatta kashe su ko da a cikin Harami ne, ko da mutum yana cikin haramar aikin hajji: hankaka, da shirwa, da kunama, da ɓera, da kare mai cizo. A wata ruwayar an ambaci maciji. Mu dubi girman wannan rangwame. Alhaji mai harama ba ya farauta, ba ya nuna wa mafarauci inda nama yake, idan ya kashe barewa sai ya biya fansa. Duk da haka ɓera bai samu wannan alfarma ba, ko a gindin Ka'aba.

Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya bayyana cewa asalin ma'anar fasiƙanci a Larabci shi ne fita, kuma an kira waɗannan dabbobi da sunan ne domin cutarwarsu ta fitar da su daga kariyar da sauran dabbobi ke da ita. Saboda haka duk wanda ke jin ɗar-ɗar a ransa game da ɗana tarko, yana tsoron alhakin rai, to ya kwantar da hankalinsa. Inda alhakin yake shi ne yadda ake kisan, kuma za mu zo kansa.

A hadisin Jabir ɗan Abdullahi (RA), wanda shi ma Bukhari da Muslim suka fitar, an ƙanƙanta sunan, aka ce fuwaisiƙa, wato 'yar fasiƙa. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a rufe ƙoren abinci, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, a kashe fitilu in za a kwanta, domin 'yar fasiƙar nan tana iya jan lagwani ta ƙone mutanen gida. Ya ce ko murfi mutum ya rasa, ya gitta kara a kan ƙwaryar ya ambaci sunan Allah. Abu Dawud kuma ya kawo daga Ibn Abbas (RA) cewa abin ya taɓa faruwa a gaban Annabi kansa: ɓera ya jawo lagwani ya yar a kan 'yar tabarmar da yake zaune a kai, ta ƙone gwargwadon faɗin dirhami.

Wani zai ce ai zamanin aci-bal-bal ya wuce. Nawawi ya riga ya amsa irin wannan: hukuncin yana bin dalilinsa ne, wato tsoron gobara, don haka fitilar da aka amince da ita babu laifi a bar ta, wadda kuma ake tsoro a kashe ta. To a yau ina abin tsoron yake? Yana cikin kyandir da ake mannawa a kan teburin roba a yi barci, da maganin sauro mai hayaƙi da ake ajiyewa kusa da katifa, da kaskon wuta da ake shiga da shi ɗaki cikin sanyi. Yana kuma can saman silin, inda ba mai gani. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, don haka dole ya riƙa gugar su da abu mai tauri, kuma robar da ke lulluɓe da wayar lantarki tana cikin abin da yake gaigaya. Waya biyu tsirara a tsakanin busasshen katako da tarkacen takardun da ya tara ya yi sheƙa, sai a kawo wuta da ƙarfi cikin dare. Lagwanin zamaninmu ke nan. Gidan da aka daɗe ana jin ɓera a silin ɗinsa yana bukatar mai gyaran wuta ya hau ya duba, ko da an gama da ɓerayen.

Malaman tafsiri, a bayanin ambaliyar Arim da ta zo a Suratu Saba'i, sun kawo labarin cewa wani nau'in ɓera ne ya riƙa haƙa a gindin madatsar ruwan Ma'arib ta ƙasar Yaman har ta ɓalle, gonakin mutanen Saba'i suka lalace. Ayar ba ta ambaci ɓera ba, magana ce ta magabata da Ɗabari da Ibn Kasir suka naƙalto. Amma duk manomin da ya taɓa ganin yadda gafiya ke rarake gindin katanga ba zai yi mamakin labarin ba.

Dalilin da ya sa jinkiri ke da tsada shi ne haihuwa. Macen ɓeran gida tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 19 zuwa 21, ta haifi 'ya'ya 5 ko 6, wani lokaci fiye, kuma tana iya yin haka sau 5 zuwa 10 a shekara. 'Ya'yan nan cikin mako 6 su ma sun isa haihuwa. Wanda ya ga ɓera ɗaya a watan Nuwamba ya ce bari sai an samu sarari, kafin Maris yana da zuriya guda a ɗakin ajiyarsa. Kuma dabbar dare ce: in har ta kai ana ganin ta tsakar rana tana gilmawa, alama ce yawansu ya kai inda maɓoya da abinci suka yi musu kaɗan.

Cutar da ta ɗauki sunan garinmu

A farkon shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin Lassa, wanda ke kudancin Jihar Borno ta yanzu, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta a can ita ma ta kamu ta rasu. Ta ukun aka garzaya da ita Amurka, ta tsira, kuma daga samfurin jinin da aka aika can ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, suka sa mata sunan garin. A 1972, lokacin wata ɓarkewa a Saliyo, aka gano inda take ɓuya: jikin wani ɓera da masana ke kira Mastomys, wanda ake gane macensa da yawan nonuwa, kuma mai yawan haihuwa ne ƙwarai. Yana zaune a gona da damina, ya shigo gida da rani. Cutar ba ta kwantar da shi, sai dai ya yi ta zubar da ita cikin fitsari da kashi a duk inda ya bi.

Mutum yana kamuwa ne ta cin abin da fitsarin ko kashin ya taɓa, ko shaƙar ƙurarsu, ko taɓa su da hannu mai rauni, ko kuma wajen kamawa da feɗe ɓeran, abin da yara ke yi a farautar rani. Daga nan tana iya wucewa daga majinyaci zuwa mai jinyarsa ta jini da amai da sauran ruwan jiki, shi ya sa ta sha cin rayukan likitoci da ma'aikatan jinya a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna wata alama, amma mutum 1 cikin 5 takan tsananta masa. Cikin waɗanda ta kai su kwanciya asibiti da tsanani, kimanin 15 cikin 100 kan rasu. Cikin waɗanda suka tashi kuwa, kusan 1 cikin 4 kan samu matsalar ji, wasu jin ya dawo, wasu su kurumce ke nan. Mafi muni shi ne mai ciki a watannin ƙarshe, domin a mafi yawan lokuta ana rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Rahotannin hukumar NCDC na 'yan shekarun nan suna nuna Ondo da Edo da Bauchi da Taraba a kan gaba, kuma cutar ta fi ƙamari daga Disamba zuwa Maris ko Afrilu, daidai lokacin da muka ce baƙon nan yake shigowa.

Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba. Sai dai ba wanda zai iya tantancewa da ido cikin duhun ɗakin girki, don haka a ɗauki kowane ɓera a matsayin abin tuhuma.

Idan ya faɗa cikin mai ko ruwa

Bukhari ya ruwaito daga Uwar Muminai Maimuna (RA) cewa an tambayi Manzon Allah (SAW) game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu ya mutu, sai ya yi umarni da a jefar da shi tare da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun san yadda malaman Malikiyya suka fayyace wannan. Idan man shanu ko man girki ko zuma a narke suke, ɓera ya mutu a ciki, ba a ci, sai a zubar. An dai yarda a kunna fitila da irin wannan mai, amma ba a cikin masallaci ba. Idan kuwa a daskare suke, a cire mushen da abin da ya kewaye shi, sauran halal ne. Sahnun ya ƙara da cewa sai fa in mushen ya daɗe a ciki, to a nan duka za a zubar. A ƙasarmu hukuncin yakan bi yanayi: man shanu da manja da suka sandare cikin hunturu ba ɗaya suke da waɗanda zafin bazara ya narkar ba. Wannan rarrabewa ita ce ra'ayin mafi yawan malamai. Imam Zuhri, da Ibn Taimiyya daga baya, suna ganin mai ko narkakke ne ba ya najasta sai in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza. Idan kuma an tsamo ɓeran da ransa, a Malikiyya man yana nan da tsarkinsa, domin duk mai rai tsarkakke ne, sai in an ga najasa a jikinsa.

Game da ruwa, ƙa'idar mazhabar sananniya ce: ba ya najasta sai ɗayan siffofinsa uku ya sauya. Mukhtasar na Khalil ya kawo cewa idan dabba mai jini ta mutu a cikin ruwan da ba ya gudana, kamar rijiya, kuma bai sauya ba, mustahabbi ne a yashe gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan. In ya sauya, sai a yi ta kwasa har sauyin ya gushe. Ruwan da ɓera ya sha ya rage kuwa an yi sassauci a kansa, domin yana cikin abin da kiyaye shi ke da wuya. Kashinsa da fitsarinsa najasa ne a wurin jumhur, ko da yake malaman Hanafiyya sun yi rangwame ga ɗan kaɗan da ya gauraya da alkama matuƙar alamarsa ba ta bayyana ba.

A nan ne muke son mai karatu ya tsaya ya yi nazari, musamman ɗalibai. Waɗannan hukunce-hukunce suna amsa tambaya ɗaya ce: shin abin nan mai tsarki ne ko najasa? Ba su ce ba shi da cuta ba. Ruwan randar da ɓera ya yi wa fitsari cikin dare yana iya wayar gari garau, ba launi ba wari, alwala da shi ta inganta a zahirin hukunci, amma ƙwayar Lassa ba ta da launi kuma ba ta da wari. Shari'ar da ta yi sassauci a babin tsarki ita ce ta kafa ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda ke cikin Muwaɗɗa, kuma ita ce hadisi na 32 a Arba'una ta Nawawi. Babu karo tsakaninsu. Halaccin ci bai zama wajabcin ci ba, kuma a ganinmu magidancin da ya san ana fama da zazzaɓin nan a yankinsa, ya zubar da ruwan randa ya wanke ta, ko ya haƙura da kwanon man da aka tsamo ɓera a ciki, ya fi kusa da manufar shari'a fiye da wanda ya riƙe lafazin littafi ya ɗura wa 'ya'yansa. Abin da dole sai an yi amfani da shi, kamar hatsi, a tsince, a wanke, a dafa ya dahu sosai, domin zafin wuta yana kashe ƙwayar. Haɗarin ya fi yawa a abin da ake ci ba dahuwa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, aya, soyayyar gyaɗa, furar da ta kwana a buɗe, da ɗumamen da aka ɗan gasa sama-sama.

Laifin daddawa

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk tarkon da za a ɗana, in tuwo yana kwana a buɗe, kwanukan dare suna jiran safiya ba a wanke ba, dusar awaki tana zube a tsakar gida, to aikin banza ake yi, domin wanda aka kashe wani zai maye gurbinsa. Umarnin rufe ƙwarya da ke cikin hadisin Jabir shi ne matakin farko har gobe. Sai dai faifai ba ya hana ɓera, buhu da leda kuma ba su ɗauke shi minti nawa ba. Abin da ke tsare abinci shi ne ganga ko durom na ƙarfe, ko bokitin roba mai kauri da murfi mai kamawa. Buhunan da ba su da wurin zuwa a ɗora su a kan katako, a ɗaga su daga ƙasa, a janye su daga bango yadda tsintsiya za ta iya zagayawa. Ko buhun PICS mai ruɓi uku da manoman wake suka sani, wanda ke hana iska da ƙwari, haƙori yana huda shi in aka yar da shi a ƙasa. Kakanninmu da suka ɗora rumbu a kan duwatsu suka share kewayensa sun san abin da suke yi.

Haka shanya. Tattasai da tumatir da kuɓewa da rogon da ake bazawa a gefen kwalta ko a kan dandamali su kwana, da dare filin wasan ɓeraye ne. A ɗaga shanya sama, a kwashe ta kafin magariba.

Sai toshe hanya. Ƙaramin ɓera yana ratsa kafar da biro zai iya shiga, kimanin milimita 6 zuwa 7. A bi ɗaki da tocila, a duba ƙarƙashin ƙofa, da inda bututun ruwa ko waya suka huda bango, da bakin kwata, da tsakanin kwano da katanga, da reshen bishiyar da ya kwanta a kan rufi. Tsumma da kwali da katako ba toshiya ba ce, kayan sheƙa aka ba shi. A cusa soson ƙarfe a bi da siminti, a buga gwangwani ko fallen kwano a gindin ƙofa, a sa ragar ƙarfe a bakin magudana. Wanda ke gidan ƙasa ya kwaɓa laka da tsakuwa ko fasassun kwalabe. Tarin itace da karan dawa da tsofaffin tayoyi kuma a nisanta su da jikin ɗaki.

Kisa ma yana da ladabi

Hadisin Shaddad ɗan Aus (RA) da Muslim ya fitar, wanda yaranmu ke haddacewa a matsayin na 17 cikin Arba'una, yana koyar da cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Ba a togace ɓera ba. An halatta mana kawar da cutarsa, ba a halatta mana huce haushi a kansa ba.

Da wannan ma'auni, tarkon ƙarfe mai tsinkewa ya fi kowace hanya, domin yakan gama aiki nan take. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi guda ɗaya a ajiye tsakiyar ɗaki. Ɓera bango yake bi, kuma ba ya nisa da maɓoyarsa, don haka a sayi 6 ko 10, a jera su jikin bango inda aka ga kashi, bakin tarkon yana fuskantar bangon. Abin ɗanawa kada ya wuce girman ƙwayar wake: tunkuza, ko gutsuren ƙuli-ƙuli, ko busasshen kifi, ko ita daddawar. Ƙananan ɓeraye suna da karambani, sukan faɗa tun daren farko. Manyan suna da tsoron baƙon abu, sai a bar musu tarkon da abinci kwana 2 ko 3 ba a ɗana ba, har su saki jiki.

Takardar gam da ta cika kasuwa kuwa muna da ja a kanta. Dabbar takan manne ta yi sa'o'i, wani lokaci kwanaki, tana fizge-fizge har fata ta saluɓe, tana fitsari don tsoro, fitsarin da shi ne abin gudu tun farko. Wanda bai da wata hanya sai ita, to wajibinsa ne ya riƙa dubawa, ya ƙarasa abin da ya kama da bugu ɗaya, kada ya jefa shi bola da ransa. Amma abin da babu uzuri a cikinsa shi ne al'adar zuba wa ɓera kananzir a cinna masa wuta, ko a kwara masa tafasasshen ruwa, yara suna kewaye suna shewa. Ya tabbata a Bukhari cewa azabtarwa da wuta ta Allah ce Shi kaɗai, kuma Abu Dawud ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya yi inkarin ƙone gidan tururuwa. Ban da haramci, ɓeran da wuta ke ci raminsa yake nufa, raminsa kuwa yana cikin ɗaki ko gindin rumbu.

Guba halal ce in bukata ta kai, amma ita ce hanyar da ta fi komawa kan mai ita. Abin da muke kira shinkafar ɓera, sunansa kaɗai ya isa gargaɗi: abinci yake kama, kuma yaro mai rarrafe bai san bambanci ba. Kotunanmu ma sun sha sauraron shari'o'in da wannan guba ta shiga tukunya. Wani nau'in yana tsinka jini ne a hankali, ɓeran ya yi kwanaki kafin ya mutu, sau da yawa a cikin silin inda wari zai hana kowa sakat, ko a tsakar gida inda kyanwa ko kaza za su ci su bi shi. Wani nau'in, da kuma ƙwayar da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhunan hatsi, iskar guba suke fitarwa in sun ji danshi, ba su da makari, kuma bai halatta a ajiye su a ɗakin da mutane ke kwana ba. In an sa guba, a sa ta cikin akwati ko bututun da hannun yaro ba ya shiga, a ƙirga inda aka sa, a kwashe ragowar. In kuwa yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ko sa shi amai; a ɗauki kwalin gubar a nufi asibiti, ko da yana wasansa lafiya ƙalau, domin mai tsinka jini sai bayan kwana ɗaya ko biyu take nuna kanta, kuma likitoci suna da makarinta, wato bitamin K.

Kyanwa tana taimakawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kiwonta cikin matakan kariya daga Lassa. Hadisin Abu Ƙatada (RA) a Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Amma masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi kamu su tuna da matar da Bukhari da Muslim suka ba da labarinta, wadda ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ƙosasshiyar kyanwa ma tana farauta, ɗabi'arta ce.

Sharar bayan yaƙi ita ce inda mata da yara suka fi shiga haɗari. Kada a sa tsintsiya a busasshen kashin ɓera, ƙurar ce ke shiga hanci. A buɗe ƙofa da taga kamar rabin sa'a, a haɗa bilic irin su Hypo ko Jik, ma'auni 1 cikin ma'auni 9 na ruwa, a jiƙa wurin, a bar shi minti 5, sannan a goge da tsumman da za a jefar. Mushe a ɗauke shi da leda a hannu, a ƙulle, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Wannan ba aikin da za a tura ƙaramin yaro ko mai ciki ba ne.

Gida ɗaya kuma ba ya cin wannan yaƙi shi kaɗai, domin ɓera bai san iyakar katanga ba, kuma jefa mushe ko tura shara bayan gidan maƙwabci cutar da shi ne. Liman da mai unguwa suna iya sa rana guda a yashe kwata, a kwashe juji, kowa ya ɗana tarko a mako ɗaya. Masallatai da makarantun allo da ɗakunan kwanan ɗalibai su ma suna ciki: ɗakin ajiyar tabarmi, da robobin bara da ake kifewa da sauran tuwo, da kwalayen Alƙur'anai da aka jibge a lungu. Gafaka ta fata ba ta tsare takarda daga haƙori. Littattafai suna son akwatin ƙarfe ko kabad mai rufuwa, a riƙa buɗewa ana dubawa, kuma kada a haɗa su wuri ɗaya da garin kwaki da sukari kamar yadda ɗalibai suka saba.

Alamomin Lassa suna bayyana ne tsakanin kwana 2 zuwa 21 bayan kamuwa, kuma da farko ba su da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot: zafin jiki, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai, gudawa. Zubar jini ta hanci ko dasashi da kumburin fuska sai daga baya suke zuwa, a wasu ma ba sa zuwa, don haka ba a jiran su. Duk wanda ya sha maganin zazzaɓi kwana 2 ko 3 bai ji sauƙi ba, a gidan da ake fama da ɓeraye, a kai shi asibiti, kuma a faɗa wa likita maganar ɓerayen ƙarara ba tare da jin kunya ba, domin ita ce za ta sa ya nemi gwajin da ya dace. Maganin da ake bayarwa, Ribavirin, ya fi amfani in an fara shi a kwanakin farko. Kafin a isa, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin jinya, ya ware wa majinyacin kofi da kwano, kada ya taɓa amai ko jini da hannu tsirara, 'yan dubiya kuma su yi addu'arsu daga bakin ƙofa. Layin kiran gaggawa na NCDC kyauta ne, lambarsa 6232.